Idan sabulun ruwa ya ƙi, daga ina za a fara bincike?

Kayan haɗa sabulun ruwa daga nesa suke isowa Belbeji, daga Damagaram ko ma daga Kano. Don haka lalacewar bokiti ɗaya ba ƙaramar asara ba ce ga macen da ta sayo su da kuɗin adashe. Abin da ke damuna shi ne yadda mai koyo, da ta ga sabulu ya ƙi, sai ta shiga ƙara wannan da wancan a bokitin, har abin da zai gyaru ya wuce gyara. In hakan ta same ki, kada ki taɓa bokitin tukuna. Ki ɗebi kofi biyu, a cikinsu za a yi gwaji.

Ruwa ake fara tuhuma. Ruwan wasu rijiyoyi yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magneziyam, waɗanda ke kama sinadarin wanki su kashe masa kumfa. Ki zuba ruwan a kwalba, ki kankare ɗan sabulun gari a ciki, ki girgiza. In kumfa ta ƙi tashi, sai wani farin gudaji yana yawo, to laifin ba na hannunki ba ne. Ki nemi ruwan wani fanfo, ko ruwan sama da aka tace, ko ki narkar da STPP, sinadarin da ke gyara irin wannan ruwa, a ruwan kafin komai ya shiga. Tafasawa tana rage matsalar, ba ta kawar da ita duka. Ruwan tabki kuwa, ko ya kwanta ya yi garau, shi ke sa sabulu wari da wuri.

Sai tsinkewa, wadda ta fi kowace matsala tayar da hankali. A haɗin da ake yi da sinadarin wanki na Texapon, gishiri ne ke kawo kauri, shi ya sa ake zaton ƙara gishiri ƙara kauri ne. Ba haka abin yake ba. Kaurin yana hawa har wani mataki, galibi kusa da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wato giram 200 zuwa 300 a lita 10, daga nan kuma sai ya faɗi, sabulun ya koma tsululu. Ke nan rashin gishiri da yawan gishiri kamanninsu ɗaya a ido. A nan kofunan nan biyu za su yi aiki. A na farko ki ɗiga ruwan gishiri kaɗan ki juya. A na biyu ki ɗiga ruwa zalla. In na farko ya yi kauri, gishirin ne bai isa ba, sai ki riƙa ƙara shi a bokiti cokali-cokali, kina jira tsakani. In na biyu ne ya ɗan kama jiki, gishiri ya riga ya wuce kima, kuma maganinsa ki haɗa wani sabon kwaɓi marar gishiri ki gauraya su. Ki kuma lura da irin gishirin. Kantun Bilma na dabbobi ne, akwai ƙasa da kanwa a cikinsa. Farin gishirin miya ake so, a narkar a tace.

Gudaji daga garin ƙara kauri, wato Natrosol ko CMC, yake zuwa, in an juye garin gaba ɗaya. A barbaɗa shi a hankali ana juyawa da muciya, yadda ake zuba gari a talge. Natrosol ya watsu a ruwa kafin sodar kostik ta shiga, domin sodar ce ke sa shi kumbura. CMC kuwa a jiƙa shi ya kwana. Wanda ya riga ya yi gudaji, a bar shi zuwa gobe a tace da tsumma mai tsabta.

In sabulu yana cin hannu, sodar kostik ce ta yi yawa, ko kuma ba ta isa ta kashe kaifin sinadarin wanki na sulfonik ba. Giram 100 na sulfonik kimanin giram 13 na kostik yake buƙata. Hannu ba zai faɗa miki wanne ne ba, takardar awon pH ce za ta faɗa. Tsakanin 6 da 8 ake so. In ya haura, a ɗiga ruwan sitirik. In ya gaza, ruwan soda kaɗan-kaɗan.

Dishi-dishin da sabulu ke yi da sanyin hunturu kan washe in rana ta ɗaga. Wari da bazara kuwa ruɓewa ce, babu gyara. Wasu na zuba fomalin don hana ruɓewar, ni ban yarda da shi ba: tun 2004 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarinsa cikin masu jawo kansa. Gara a wanke bido sosai, a yi kaɗan wanda zai ƙare da wuri, a ajiye a inuwa.

Kostik ba abin wasa ba ne. Shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa, kuma a roba mai kauri, ba tukunyar alminiyum ba, don yana cin ta. A sa safar hannu. Ruwansa fari ne tas, yaro mai ƙishirwa ba zai bambance ba, saboda haka kada a taɓa ajiye shi a kwalbar lemo ko kwanon sha. In ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi likita nan take.