Daga Landan Zuwa Kano Mil Nawa Ne?

'Yan'uwa manoma, in jirgin sama ya tashi daga Landan ya miƙe zuwa Kano, zai yi tafiyar kimanin mil 2,800, watau kilomita 4,500. Awa shida ke nan ko kusa da haka. Zai haye Faransa, da Bahar Rum, da hamadar Sahara.

To, me ya kawo wannan lissafi cikin zancen noma? Agwagin ruwan nan da muke gani a fadamar Baturiya da hunturu, da yawansu daga Turai suke zuwa. Irin wannan doguwar tafiya suke yi da fikafikansu, su huta a wurinmu, wajen watan Maris su koma.

Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan da ke cika fadamun Haɗejiya ya ragu. Ɗan abin da ya saura shi ke riƙe tsuntsayen, shi ne kuma ke riƙe shinkafarmu da kifinmu. Saboda haka kada mu wanke tankin feshi a tafki, kada mu zuba guba don kama kifi. Mu kuma koya wa yara su bambanta baƙin nan da jan baki mai cinye mana gero.