Ko Ka Sani? Kunnen Fara a Kwiɓinta Yake

Mai kamun fara da mai ɗaukar hotonta lokacinsu ɗaya ne, wato sanyin asuba. Fara ba ta da ɗumin jiki sai wanda rana ta ba ta, shi ya sa kafin hantsi za ka tarar da ita lafe a jikin kara, ko hannu ka kai ba ta da kuzarin tashi. Da kakar bara na bi wasu samari cikin wata garka a Mirriya, gabas kaɗan da Damagaram, kowa ya maƙala wa salularsa ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu. Raɓa ta jiƙe mana ƙafar wando, amma mun ga abin da muka daɗe muna ci ba mu taɓa kallo ba.

Idonta biyar. Manyan biyun nan kowanne tarin ƙananan idanu ne jere kamar saƙar zuma, ga wasu uku ƴan mitsi-mitsi a goshi masu gane haske da duhu. Kunne kuwa kada ka nema a kai. Ɗaga fiffike ka dubi kwiɓinta, daidai saman gindin ƙafar baya, akwai wata ƴar fata shimfiɗe kamar ta kalangu. Da ita take ji. Hanci ma babu, ta ƙananan ƙofofi a gefen jiki take shan iska.

Ni dai ƙafar bayan nan ce ta fi tsaya mini a rai. Farar ɗango, wadda ke rufe rana, ba haka take tashi ba. A dajin Ayar da Tamasna, can arewa, zaman kaɗaici take yi, launinta na ciyawa ko na ƙasa, tana gudun ƴan uwanta. Sai ruwa ya sauka sosai su hayayyafa, tsiro ya fara bushewa, yunwa ta tara su a ɗan abin da ya rage ɗanye. Nan suke gogar juna, kuma a cinyar baya akwai gashi mai jin taɓi. Masu bincike a jami'o'in Oxford da Cambridge na Ingila sun riƙa sosa wa fara wannan cinyar da burushin fenti, suka bayyana a 2009 cewa cikin awa biyu wani sinadari mai suna serotonin yana ƙaruwa a jijiyoyinta, sai mai gudun taro ta koma mai neman taro. Daga baya launi ya bi, ja-ja tana ɗanya, rawaya in ta balaga. Bambancin ya kai har da can masana sun ɗauka iri biyu ne, sai a 1921 wani masani, Boris Uvarov, ya nuna a kan wata fara mai garke irinta cewa fara ɗaya kan zama mai hali biyu.

Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce garken da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yakan ƙunshi fara miliyan 40, kuma a yini yana cinye abin da zai ci da mutum 35,000. Wanda ya ga farar ɗangon 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 ba ya buƙatar lissafi.

Kada fa a zargi kowace fara. Yawancin waɗanda ke cikin garka har su mutu ba sa yin garke. Wadda muka ɗauka ranar nan ta haƙura da mu har rana ta taɓa ta, sai ta harba ƙafa ta ɓace. Ranar Lahadi a kasuwar Mirriya na sayi soyayya mai ƙwai da yaji, na sa hannu zan fizge ƙafar baya kamar kullum, sai na tsaya ina jujjuya ta, har mai farar ta ce, "Malam, ko ba ta soyu ba ne?"