Yini ɗaya a Illela: yadda za ka ci kasuwa ka koma Sakkwato da hasken rana

Duk ranar Lahadi kasuwar Illela takan cika maƙil da fatake daga sassan Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Raƙuma, shanu, tumaki, hatsi da albasa duk suna haɗuwa a wannan gari na bakin iyaka, mai nisan kilomita tamanin da 'yan kai arewa da Sakkwato. Sai dai yinin Illela gajere ne, don haka baƙo ya fara tsayar da lokacin komawarsa, sannan ya tsara sauran hidimominsa.

Sammako

Hanyar takan bi ta Kware da Gwadabawa. Wanda ya bar Sakkwato bayan sallar asuba zai isa da hantsi, ko da an tsaya a shingayen jami'an tsaro da na kwastam. Saboda matsalar 'yan bindiga da ta addabi gabashin jihar, bai kamata magariba ta riske ka a hanya ba. Da an yi la'asar, ka nufi tasha. Kafin ka taso kuma, ka kira wanda ka sani a garin ka ji halin da hanya take ciki.

Fara da kara

Idan dabba ce ta kawo ka, ka wuce kara kai tsaye tun rana ba ta take ba. Ka zagaya ka ji farashi a wurare biyu ko uku kafin ka taya. Ku daidaita la'ada da dillali tun farko, kuma ka tabbatar ya san mai dabbar, domin sayen dabbar sata kan jefa mutum cikin rigimar da ba ya fita da sauƙi. Kuɗin motar da za ta ɗauko dabbar shi ma a yanke shi kafin a ɗora. Hatsi da albasa za su iya jira sai bayan azahar.

Naira da sefa

Kuɗi iri biyu ne ke yawo a kasuwar, kuma a nan baƙi ke yawan ruɗewa. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga sefa: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka kuwa sefa 1,000. A Najeriya an saba kiran naira 200 jaka. Idan aka ce maka "jaka goma", ka tambaya ta wane kuɗi. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, don intanet kan iya tsinkewa ana tsakiyar ciniki.

Leƙa Birnin Ƙonni

Ƙonni na tsallaken iyaka, tafiyar 'yan mintuna. Amma iyakar ba kullum take a buɗe ba. Gwamnatin Buhari ta rufe ta a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, har zuwa Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS.

Saboda haka ka tafi da fasfo ko takardar tafiya mai inganci, da katin rigakafin shawara, ka kuma bi ta ofishin shige da fice. Kada ka yarda ɗan acaɓa ya bi da kai ta ɓarauniyar hanya, kada kuma ka karɓi saƙon da ba ka ga abin da ke cikinsa ba.

Idan ƙarfe biyu ta yi ba ka gama da kasuwa ba, ka haƙura da Ƙonni sai wani zuwan. Kasuwarta ma ranar Laraba take ci.