Buguwar kai: jinin da ido ba ya gani

A bisa babbar hanyar da ta ratsa Gure, daga Damagaram zuwa Difa, faɗuwa daga babur ta zama ruwan dare. Sau da yawa wanda ya faɗi yakan tashi ya karkaɗe rigarsa, jama'a su ce ya tsira. A nan ne haɗarin yake.

Ƙwaƙwalwa kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jiki, amma tana karɓar kimanin kashi 15 na jinin da zuciya take turawa. Idan buguwa ta tsaga ƙashin da ke tsakanin ido da kunne, jijiyar jinin da ke ƙarƙashinsa tana iya tsinkewa. Jini ya taru cikin ƙoƙon kai, wanda ba ya buɗawa, ya danne ƙwaƙwalwa, ya matse sauran jijiyoyi har jini ya kasa isa gare ta. Mutum yana iya yin magana sarai na ƴan awoyi, sannan ya suma. Ga tsofaffi kuwa, ƙananan jijiyoyi ne ke yoyo sannu a hankali, alamu su bayyana bayan makonni.

Saboda haka, amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, mutuwar ɓarin jiki, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, duka suna bukatar likita nan take. Babban asibitin Damagaram yana nesa da Gure kimanin kilomita 160. Kada a jira gari ya waye. Hular kwano kuwa ta fi aikin tiyata araha.