Me ya sa tsofaffin faifan rok na Najeriya ke dawowa kasuwa ba tare da gyara ba?

A watan Fabrairun 2024 mawaƙin Ingila Paul McCartney ya sake fitar da kundinsa Band on the Run, albarkacin cikarsa shekara 50. A sitidiyon kamfanin EMI da ke Apapa a Legas aka ɗauki akasarin kundin a 1973. Sabon bugun ya zo da faifai na biyu mai ɗauke da waƙoƙin yadda suke tun kafin a ƙawata su da ƙarin kayan kiɗa. Wannan shi ne gyara irin ta 'yan kasuwa: mai saye ya biya kuɗin abin da ya sani, a ƙara masa da abin da bai taɓa ji ba.

A wancan sitidiyo ne kuma matasan Najeriya da dama suka ɗauki nasu kiɗan rok a shekarun 1970. Nasu faifan ma suna dawowa kasuwa, sai dai galibi ba gyara, kuma a ƙasashen waje ake buga su. Dalilin haka yana da nasaba da abin da ya rufe ƙofofin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano.

Yadda sana'ar take

Kowane kundi yana da uwar tef, wato tef ɗin asali da aka ɗauki sauti a kansa, wanda daga gare shi ake buga faifai. Bayan ita akwai ɗaukar gwaji da mawaƙi ke yi kafin ya daidaita waƙa, da waƙoƙin da aka ɗauka amma ba su sami gurbi a faifan ba. Wanda ya adana waɗannan yana iya sayar da kundi guda sau uku ko huɗu. Band on the Run kansa an sake shi da ƙari a 1999 da 2010 kafin na 2024, duk da cewa 'yan fashi sun ƙwace wa McCartney kaset ɗinsa na gwaji a Legas.

Doka ma tana tura kamfanoni. A 2013 Tarayyar Turai ta tsawaita haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka daga shekara 50 zuwa 70, amma sai wanda aka fitar wa jama'a kafin shekara 50 ɗin ta cika. Shi ya sa aka yi hanzarin sakin ɗaukar gwaji da ta rediyo da ƙungiyar Beatles ta yi a 1963 a watan Disambar 2013, kwanaki kaɗan kafin wa'adi ya ƙare.

Zamanin da faifai ke da kasuwa

Kiɗan rok ya yi tashe a Najeriya bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ƙungiyoyi irin su Ofege da Blo da Funkees sun cika gidajen rawa. Arewa ma ba a bar ta a baya ba: Bongos Ikwue ya yi kiɗa tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙungiyar Elcados kuma a Arewa ta yi suna. Kamfanin EMI ya buga faifan makaɗan Hausa irin su Mamman Shata.

Lokacin ya zo daidai da bunƙasar masana'antun Kano. Bompai ta kafu tun zamanin Turawan mulkin mallaka, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, da masaƙu da majemu da kamfanonin robobi da alewa. Ma'aikaci mai albashi shi ne mai sayen garmaho da faifai, shi ne kuma mai zuwa kallon makaɗa a Sabon Gari. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya ƙara wa wannan kasuwa ƙarfi.

Inda aka yi asara

Faifan garmaho roba ne. Kamar kamfanin bokiti a Sharaɗa, injin buga faifai a Legas ya dogara da sinadarin roba da kayan gyara daga waje. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin ƙetare ya yi wuya. Shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, ga matsalar lantarki. Masaƙun Kano suka riƙa rufewa saboda tsadar aiki da kwararowar atamfa mai arha. Kamfanonin faifai kuma kaset na satar fasaha ya durƙusar da su. Turawan suka sayar da hannun jarinsu suka tafi: EMI ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier, Decca kuwa tun da farko ya koma hannun Moshood Abiola, ya ci gaba da sunan Afrodisia.

Tef ba ya jure sakaci. Zafi da laima suna sa fuskarsa ta yi danƙo ta ɓare, ƙura kuma tana cin sa. Kamfanin da ke fafutukar biyan albashi ba ya sanya wa ɗakin ajiya na'urar sanyaya wuri. Tef da yawa sun lalace ko sun ɓace.

Saboda haka, lokacin da kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da Nigeria Rock Special a 2008, wanda ya ƙunshi waƙar Elcados, da lokacin da Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You! a 2016 tare da mai bincike Uchenna Ikonne, aikin ya dogara ƙwarai da tsofaffin faifan da aka farauto a kasuwanni da gidaje. Daga tsohon faifai ana iya kwafo abin da aka buga kawai. Abin da ba a buga ba ya tafi tare da tef ɗinsa.

Nijar ta nuna abin da ajiya ke haifarwa. Mamman Sani, mai kiɗa da organ na lantarki, ya yi kaset a Yamai a 1978. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a 2013, sannan a 2015 ya fitar da wani kundi na sautukan da ya ɗauka tsakanin 1981 da 1984 waɗanda ba a taɓa saki ba. Tef ɗin sun tsira, gyara ta samu.

Abin da ya rage a ceto

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta bai wa sautin da aka ɗauka kariyar shekara 50 daga fitarsa, ita kuwa waƙar kanta shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan faifan farkon shekarun 1970 sun riga sun fita daga kariyar farko, amma magadan Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, suna da sauran haƙƙi mai tsawo. Sai dai haƙƙin da ba shi da takardar yarjejeniya ko tef a hannu, wuyar karɓa gare shi.

Akwai sauran dukiya a ɗakunan ajiyar Rediyon Kano da Rediyon Najeriya na Kaduna, waɗanda suka shafe shekaru suna ɗaukar makaɗa. Mayar da ita kwamfuta aiki ne na kasafin kuɗi, kuma 'yan majalisa ne ke amincewa da kasafi. Haka nan waƙoƙin Kannywood, da suka fara daga kaset ɗin Ƙofar Wambai, yau suna zaune a kwamfutocin ƙananan sitidiyo, inda lalacewar na'ura guda ke iya shafe aikin shekara goma. Wanda ya adana asalinsu yanzu, shi ne zai sayar da su nan da shekara 50.