Komawa Gindin Waƙa: Jitar Jaz da Amshin Makaɗan Hausa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda makaɗi ke komawa mafari ba tare da waƙarsa ta yanke ba.

Mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi da ya tashi da jin Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya rasu a 1999, ya san wannan abu tun kafin a ba shi suna. Shata yakan ja ɗan waƙa, ya sassauta murya, kalangai su ba da hanya, sai 'yan amshi su cafke gindin waƙa. Wannan 'yar gaɓa ita ce wurin haɗari. In aka kuskure ta, waƙa ta watse.

Makaɗan jaz na Amurka su ma suna da irinta, sai dai da haɗin sautuka suke yin ta, watau a kaɗa tsirkiya uku ko huɗu a lokaci guda. A ƙarshen zagayen waƙa sukan jera haɗi huɗu, na do, na la, na re da na so, sa'an nan a faɗa kan do, a sake sabon zagaye. Ana iya kiran wannan juyi.

Jita tana da tsirkiya 6, amma gwani ba ya taɓa su duka. Freddie Green, wanda ya yi wa ƙungiyar Count Basie kiɗa daga 1937 har rasuwarsa a 1987, ya shahara da taƙaitawa: sauti uku, wani lokaci ƙasa da haka. Dalili kuwa, tushen haɗi aikin mai babbar jita ne, kuma sautuka biyu ne ke ɗauke da kamannin kowane haɗi. Alal misali, a haɗin re ana riƙe fa da do. Da an zo na so, fa na nan, do ya sauko ti. A na do kuma, ti na nan, fa ya sauko mi. Yatsa ɗaya ke gusawa, gaɓa ɗaya tak.

A nan ne mai koyo ke ɓata. Yakan cika hannu da sautuka yana tsalle bisa wuyan jita, har kunne ya kasa gane inda aka dosa. Ɗan Maraya Jos kuwa, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba shi da haɗi ko guda, amma mai sauraro yakan ji gindin waƙa na tafe tun bai iso ba.