Kason Ganima da Iyakar Ikon Askiya a Dendi

Taswirar makaranta kan shafe daular Songhai da launi ɗaya tun daga Tumbuktu har Dendi, inda Bengou da Gaya suke a yau, sai ka ɗauka umarnin Askiya yana isa kowane gari da ƙarfi ɗaya. Alhali a bakin daula mubaya'a ciniki ce: sarkin ƙasa ya kai gaisuwa, ya ba da dakaru, a bar masa rawaninsa, in an ci yaƙi kuma a ware masa kasonsa.

Kanta, sarkin Kabi da ke maƙwabtaka da Dendi, shi ne babbar hujja. Tarikhus Sudan na Abdurrahman Sa'adi ya kawo cewa Kanta ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, da aka dawo bai ga rabonsa na ganima ba. Ya tuntuɓi Dendi-fari, hakimin Askiya na Dendi, aka hana shi. Wajen 1517 ya ɓalle, ya zauna Surame, wadda kufanta da ganuwarta ta duwatsu ke nan a jihar Sakkwato. Askiya Muhammadu Bunkan ya kai masa yaƙi, ya koma da ƙyar ta cikin fadamu. A zamanin Askiya Dawuda sai sulhu aka yi, kuma ba a sulhu da bawa.

Wani zai ce ai wannan tawayen jarumi ɗaya ne mai son mulki, sauran sarakuna sun ci gaba da biyayya. Sun ci gaba, amma su ba a taɓa kasonsu ba. Sa'adi ma, mutumin Tumbuktu da ba shi da dalilin wanke Kanta, ganimar ya ambata a matsayin sanadi. Arzikin Dendi kuma ba na kwasa ba ne. Gishirin kwarin Foga, wanda matafiyi Barth ya tarar ana yi a 1853, sai an kankaro ƙasa mai gishiri, an tace ta da ruwa, an dafa ruwan har ya ƙafe. Irin wannan aiki na mazauna ne, mahayin da ya zo daga nesa kuwa ba ya samun komai sai ta hannun mai garin da suke jin maganarsa.

Da sojojin Maroko suka karya Songhai a Tondibi a 1591, Gao da Tumbuktu suka faɗi nan da nan. Dendi ita ta karɓi Askiya Nuhu, daga nan ya yi shekaru yana hana Marokawa sakat.